Mun je Wadata koyon zanen wuta a kan ƙwarya

Wannan karon labarin tafiya muka kawo muku, wadda mu uku muka yi daga Maraɗi zuwa Yamai, da abin da muka koyo game da sana'ar zane da wuta a kan ƙwarya da icce. Amma bari mu fara da abin da ya tashe mu, don ba yawo ne ya kai mu ba.

A cikin ƙungiyarmu akwai wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya 5. Ƙosai take toyawa da safe. Bara da sanyi, ɗanta ya nuna mata a salula yadda ake ɗora ƙarfe mai zafi a kan katako a fitar da zane. Sai ta tuna da ƙoren jeren mahaifiyarta masu baƙin zane, ta ce ai wannan gadonmu ne, bari ta gwada. Ta shigar da murhun gawayi cikin ɗaki saboda sanyi, ta tura ƙofa, ta sa tsohuwar wuƙa a wuta, ta ɗauko wani guntun ƙyaure mai fenti. Ba ta daɗe ba kanta ya fara sara, jiri ya ɗebe ta. Garin tashi ta dafa wuƙar, gefen hijabinta kuma ya taɓa garwashi ya narke mata a hannu. Maƙwabta suka zo, aka shafa mata man goge haƙori da ɗanyen ƙwai. Kwana 3 ciwon ya ruɓe, sai da aka kai ta gidan likita. Sati 4 ba ta toya ƙosai ba, asusun taimako ne ya riƙe ta.

Da ta warke, ranar zubi ta tashi ta ce tana son bashi, ita fa sai ta koyi sana'ar nan. Nan wuri ya rabu biyu. Wasu suka ce kuɗɗin mutane ne, ba za a zuba su cikin wuta ba. Wasu suka ce ƙosai ma da wuta ake yin sa, ba mu taɓa hana kowa bashin mai da wake ba. Da yake an gayyaci shugabannin ƙungiyoyi wani taro a Yamai, sai aka yanke cewa mu ƙara kwana 2 a can, mu je inda masu sana'ar suke mu gani da idonmu. Aka ce shugaba ta je, da ma'ajiya, da ita mai neman bashin, kuɗin motarta kuma mu haɗa mata.

Hanya

Bayan sallar asuba kar ɗinmu ya bar Maraɗi. Tafiyar ta haura kilomita 600, yini guda ce. Muka wuce Gidan Rumji, muka isa Madawa inda ake saƙa tabarmin kaba masu launi. A Galmi buhunan albasa ne jere a bakin hanya. Muka wuce Malbaza mai masana'antar siminti, a Ƙwanni aka tsaya muka ci abinci. Daga nan sai Dogon Dutsi, sai Doso. Wajen Kure kowa ya manna fuska a gilashi ko za a hango raƙuman dawa, mu dai ba mu yi sa'a ba.

Abin da muka lura da shi a hanya shi ne, duk tashar da aka tsaya akwai ƙwarya. Mai fura da nono tana ɗauke da ita, mai gero tana awo da ita, ludayi na cikin fura. Roba ta cika kasuwa, amma ba ta kori ƙwarya ba. Ma'ajiyarmu ta ce, to ko ba komai abin da za a yi wa ado bai ƙare ba.

Muze

Da aka gama taro, da safe muka fara zuwa gidan tarihi na ƙasa mai sunan Boubou Hama, wanda mutanen Yamai ke ce wa Muze. Tun 1959 aka buɗe shi, ba nisa da kogin Kwara. Akwai namun daji, akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da da aka tono a yankin Agadas, akwai ɗakunan tufafi da kayan kiɗa na ƙabilun ƙasarmu, ga kuma masu aikin hannu suna aikinsu a gaban jama'a, maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa.

Inda muka fi daɗewa shi ne gaban wani busasshen icce da aka ajiye aka kewaye. Shi ne iccen Tenere, wanda ya rayu shi kaɗai a tsakiyar hamada, ayari na gane hanya da shi, har wata babbar mota ta buge shi a 1973, aka ɗauko gangar jikinsa aka kawo nan. Mu da muka zo neman sana'ar da ke cin icce, sai jikinmu ya yi sanyi. Tun daga wurin muka fara tunanin cewa ƙwarya za mu sa gaba, don duma shuka shi ake yi kowace damina, icce kuwa sai ya shekara da shekaru.

Wadata

Da hantsi muka hau taksi zuwa ƙauyen masu sana'ar hannu na unguwar Wadata. Wuri ne da aka kewaye, da shaguna da rumfuna a jere. Da ka shiga warin jima ne zai fara tarbar ka, sai ƙarar guduma a kan azurfa. Akwai takalma da jakunkunan fata, da zannuwan rini, da akwatunan da aka lulluɓe da jan fata, da cokulan icce irin na Buzaye masu baƙin zane a mariƙi. Waɗanda suka taɓa zuwa SAFEM, baje kolin sana'o'in hannu na mata da ake yi a Yamai, sun san irin kayan da muke nufi.

Muka yi ta tambaya har aka nuna mana wata dattijuwa mutuniyar Adar, zaune a inuwa, a fili, ƙore kewaye da ita. Muka yi sallama muka durƙusa muka gaida ta, muka gaya mata daga inda muke da abin da ya kawo mu. Ba ta ce komai ba sai da ta kama hannun abokiyar tafiyarmu ta juya shi, ta dubi tabon.

"Ɗiyata, cikin ɗaki kinka yi wanga aiki?"

"I, Inna. Sanyi ake."

"To kin gode Allah. Ƙunar hannu ita ce ƙarama. Ku zamna."

Ba ta ba mu ƙarfe ba. Ta ce mu fara kallon wurin da take zaune mu faɗa mata abin da muka gani. Muka ga ƙasa ce tsura, an share, ba tabarma, ba kara, ba leda. Ɗan murhun gawayi na gefen hannunta na dama, an danne ƙafafunsa da duwatsu don kar ya kife. Iska na zuwa daga bayanta tana tafiya da hayaƙin gaba. Kusa da ita bokitin ruwa ɗaya, da tsohon kwano cike da rairayi. Ƙarafa 5 a cikin wuta, dukkan ƙotocinsu suna kallon wuri ɗaya. Kallabi ne a kanta an ɗaure tamau, rigarta ta auduga ce mai ɗan gajeren hannu, mayafinta kuma yana rataye can nesa. Ta ce, "To kun ga rabin sana'a. Sauran rabin hannu ne, shi ko sai a hankali."

Nan ta yi mana bayanin gawayi. Mu muna tsammani tunda ba ya hayaƙi sosai ba ya cutarwa. Ashe yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi. A fili iska na kwashe ta. A ɗaki rufe kuwa tana taruwa, mutum ya fara jin ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, in ba a fitar da shi ba ya suma, yana iya mutuwa. Abin da ya kama ƴar uwarmu ke nan ta dafa wuƙa. Wannan ba na masu zane kaɗai ba ne, har da mu masu shigar da garwashi ɗaki lokacin sanyi don jin ɗumi, ko don mai jego.

Abin da ake ƙonawa da wanda ba a ƙonawa

Abokiyarmu ta faɗa mata cewa guntun ƙyaure mai fenti ta yi aiki da shi. Inna ta kama haɓa. Ta ce duk abin da aka shafa wa fenti, ko man ƙyallin nan na kafintoci, ko maganin gara, ba a ɗora masa ƙarfe mai zafi, don hayaƙinsa guba ne. Haka katakon nan falle-falle da aka manne da gam, da wanda aka matse daga garin katako, da guntun turken wutar kuran, da katakon da aka kwance daga kayan da aka yi dako ba a san me aka fesa masa ba. Haka roba. Icce mai farin ruwa kamar tumfafiya da aguwa ma a bar shi, ruwansa na cin ido. In ba ki san asalin icce ba, ki bar shi.

Wanda ya dace shi ne icce tsura, busasshe, mai hasken jiki, don zanen ya fito. Ta ambaci aduwa, wadda ake sassaƙa allo da ita, da dashi mai taushi. Ta ce kar mu je daji sara. Gawo da wasu itatuwa doka ta kare su, ma'aikatan gandun daji na kama mai sara ba izini. A sayi cokali da muciya da akushi da ƴar kujera daga hannun masassaƙa, farare, sai a yi musu ado.

Ita kanta ƙwarya ta fi yi. Ta koya mana zaɓe: wadda ta bushe sarai, mai kauri, in kin ƙwanƙwasa ta yi amo. Wadda ba ta gama bushewa ba tururi take yi, layin ba ya fita. Sirirriya kuma ƙarfe na huda ta. In ƙwarya ta yi baƙin fumfuna, kar a kankare ta a bushe, ƙurar na shiga ƙirji. A jiƙa ta, a wanke a waje, a shanya, in za a goge cikinta a rufe hanci da baki. Zane a bayan ƙwarya ake yi. Cikin da fura ko nono za su taɓa, ba a ƙona shi, ba a shafa masa man kafintoci. In an gama, ɗan man gyaɗa ko man kaɗe a tsumma ya isa ya sa bayan ya yi sheƙi.

Ƙarfe a hannu

Sai bayan azahar ta yarda muka taɓa ƙarfe. Maƙeri ne ke ƙera su, kamar ƙananan wuƙaƙe marasa kaifi, da doguwar wuya da ƙotar icce. Akwai mai sirirren baki na jan layi, akwai mai faɗi na cika baƙi, akwai mai tsini na ɗige-ɗige. Dalilin da ya sa suke da yawa shi ne, ƙarfe na hucewa da sauri. Kina aiki da ɗaya, sauran na cikin wuta, in ya huce ki mayar ki ɗauko wani. Ta ce a duba ƙota kullum kafin a fara, don zafi na sa ta yi sako-sako, ƙarfe ya zame ya faɗo a cinya. Ƙarfe kuma gida biyu gare shi, cikin wuta ko cikin kwanon rairayi. Ba a ajiye shi a ƙasa, don baƙin ƙarfe mai zafi da mai sanyi kamarsu ɗaya, ƙafar yaro ba ta bambance su.

Ba ƙwarya ta ba mu ba, sakaina ta zubo mana. Ta ce mai koyo ba ta da hakkin ɓata ƙwaryar kirki. Muka fara zana layi da fensir. Kowane ƙarfe in ya fito daga wuta, sai an ɗan taɓa shi a wata sakainar gwaji. In ya yi ja sosai, cinye ƙwaryar yake, a jira kaɗan. Ba a dannawa da ƙarfi, zafi ne ke aikin. Hannun da ya riƙe ƙwarya kullum yana bayan ƙarfe, ba ya shiga gabansa. Ita in tana aiki, ƙwaryar take juyawa a hankali, ƙarfen kusan wuri ɗaya yake. Fuska kuma ba a sunkuyar da ita kan hayaƙin.

Layin shugaba ya fito kamar sawun tsutsa. Ma'ajiya ta huda sakaina 2. Muka yi ta dariya har masu shagon kusa suka leƙo. Amma ita mai tabon, da farko hannunta na rawa, can sai ga layuka uku a jere, miƙaƙƙu, ta cika tsakaninsu da ƙananan kusurwoyi irin na ƙoren mahaifiyarta. Inna ta ɗauka ta duba ta ce, "Wagga tana da hannu. Gaggawa ce taka kashe ta." Ba ta ce komai ba, hawaye dai muka gani.

Muka tambaye ta batun yara, don yawancinmu da goyo. Ta ce ba a wannan aiki da goyo a baya, ba a yin sa yaro na rarrafe kusa. A samu mai riƙe shi, ko a jira ya yi barci nesa da wurin. In aka kira ki, ko sallama aka yi a ƙofa, ki tsoma ƙarafa a rairayi kafin ki tashi. Ranar da iskar hunturu ke kaɗawa da ƙarfi, a haƙura, tartsatsi ɗaya ya isa ya kama zana ko rumbu. In an tashi aiki, a kashe garwashin da ruwa.

Na kuran

Ɗanta yana gefe yana rubuta sunaye a kan ƴan alluna da wani abu kamar biro mai igiyar kuran, bakinsa na yin zafi. Ya ce yana fitar da ƙananan zane da rubutu fiye da ƙarfen maƙera, ba ya kuma son gawayi. Amma sai an saya da tsada, in kuran ya ɗauke aiki ya tsaya, bakinsa in ya lalace sai an nemo wani. Ya ce ba a taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, ba a aiki da shi in igiyar ta feɗe, a ɗora shi kan abin ajiyarsa na ƙarfe, a zare shi daga bango da an gama. Hayaƙin katako kuma yana nan, don haka shi ma a waje yake zama.

Ya roƙe mu mu kai wani saƙo ga samarinmu. Akwai bidiyon da ke yawo a salula, ana jiƙa katako a jona masa kuran mai ƙarfi da aka ciro daga tsofaffin na'urori, zane ya fito kamar jijiyoyin icce. Ya ce, "Hajiya, duk wanda kuka gani yana haɗa wannan, ku hana shi." Wannan hanya ta kashe mutane da dama a Amurka, har da waɗanda suka san aikin kuran. Taɓawa ɗaya ce.

In tsautsayi ya faɗa

Wannan daga bakin ma'aikaciyar gidan likitan unguwarmu muka samo shi, wadda ta yi jinyar ƴar uwarmu. In an ƙone, a yi ta zuba ruwa mai tsabta mai sanyi a wurin har minti 20, ba ƙanƙara ba. A cire zobe da awarwaro tun wurin bai kumbura ba. Tufar da ta manne a fata kar a fizge ta. Kar a shafa man goge haƙori, ko ƙwai, ko gishiri, ko mai, ko toka. Kar a fasa ƙurjin da ya ɗuri ruwa. A rufe da tsumma mai tsabta. In ƙunar ta kai faɗin tafin hannu, ko tana fuska, ko hannu, ko gaɓa, ko yaro ne, a tafi gidan likita ranar. In tufa ta kama wuta kar a ruga, a kwanta a yi birgima, na kusa su lulluɓe ta da bargo ko su zuba ruwa. Hijaban nan masu santsi narkewa suke su manne a jiki, shi ya sa auduga ta fi kusa da kowace irin wuta, har ta girki.

Da muka dawo

Ranar zubi muka shimfiɗa sakainunmu a tsakiyar tabarma, har da masu hujin, kowa ta ɗauka ta gani. Muka ba da labari kamar yadda muka ba ku. Aka yi muhawara, aka amince da bashin jikka 12: ƙarafa 6 wurin maƙerin unguwa, ɗan murhu, gawayi, yadin auduga na ɗaurawa a gaba, da ƙore da ludaya kaɗan. Aka sa sharuɗɗa aka rubuta a littafin ƙungiya. Aiki a fili, da rana. Ruwa da rairayi kusa. Ba yaro a wurin. Wata guda cur a kan sakaina kafin a taɓa ƙwaryar sayarwa. Mata 2 kuma aka naɗa su riƙa leƙa ta.

Yanzu wata 3 ke nan. Ba za mu ce muku ta yi arziki ba. Ƙosai har yanzu shi ke ciyar da gidan, zane sai da la'asar. Amma ta sayar da ludaya, wata uwar amarya ta ba ta aikin ƙore 8 na jere, ta kuma biya kashi biyu na bashinta a kan lokaci. Ba ta sake ƙonewa ba. Mata 3 na zuwa kallo, mun ce su ma sakaina za su fara.

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, abin da aka koya mana shi ne a fara da kaɗan, a sa ido a kan juna. Sana'ar wuta ma haka take so. Muna roƙon ƴan uwa na Damagaram da Tawa da Doso, in akwai tsohuwa ko tsoho a garinku da ya iya zanen ƙwarya, ku je ku zauna kusa da shi tun yana da ƙarfin nuna muku, ku kuma aiko wa wannan jarida da irin zanen yankinku. Kafin ku ba kowa bashin wannan sana'a, ku je ku ga inda za ta zauna ta yi ta.

Allah ya tsare mu da tsautsayi, ya sa albarka a asusunmu. Sai mun ji daga gare ku.